Ɗakin da Aka Ba Fasto

A kan kujerar roba aka hau da Inna hawa na uku. Ɗanta, Direba, ya kama ƙafafun baya, Mai walda ya kama na gaba, 'yarta tana biye da su da ledar magunguna. Aka sauke Inna a ɗakin 'yar, tsakanin keken ɗinki da taga. Gwiwoyinta sun daɗe da sallama matakala. Duk gidan ya san cewa hawan nan kulle ne, domin ba za ta sauko da ƙafarta ba.

Ɗakin da ta bari shi ne na ƙasa, na kusa da famfo. A ciki ta zauna tun aurenta, a ciki ta haifi 'ya'yanta, a ciki mijinta ya rasu. Mai gida, wanda dattijo ne a ikilisiyar da take zuwa, ya ce mata bango ya tsage, gyara za a yi, ta koma wajen 'yarta kafin a gama. Gyaran kuwa an yi shi. An shafe bango da siminti, an yi fenti, an canja makulli. Da aka gama sai wata mota ta tsaya a ƙofar gida, aka shiga sauke kwalayen littattafai.

Bayanin ya fito daga baya. Ikilisiya ta sami sabon ƙaramin fasto, shi kuma ya roƙi kwamiti kada a ba shi gidan da ke harabar majami'a, yana so ya zauna inda talakawan ikilisiya suke zaune. Kwamiti ya yaba. Mai gida ya miƙe a taron ya ce Ubangiji ya riga ya tanada, akwai ɗaki a gidansa da babu kowa a ciki.

Ranar da ya tare, Fasto ya tara mutanen gidan a tsakar gida. Dogo ne siriri, mai tabarau, yana magana da hannaye biyu. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa, cikinta ya fara fitowa.

"Allah bai tsaya a sama yana aiko mana da saƙo ba," in ji shi. "Ya zo da kansa. Ya ɗauki jiki irin namu, ya ji yunwa, ya gaji, ya yi gumi a shagon kafinta. Wanda yake binsa ba shi da wata hanya sai wannan. Saboda haka ku ɗauke ni ɗayanku. Abin da kuke sha, in sha. Kada a ware ni a komai."

"A komai, Fasto?" Wadda ta tambaya 'yar Inna ce. Tela ce, Allura ake ce mata, kuma ba don sana'ar kaɗai ba.

"A komai, 'yar'uwa."

"To, kowa ya ji."

Ta hau sama. Inna na jikin taga, ta ji komai.

"Bakinsa da daɗi," in ji Inna. "Ki sa shi a layin banɗaki."

Gidan yana da banɗaki huɗu na mutum sama da hamsin, ana wanke su bi da bi. Allura ta ba Fasto ranar da ta fi kowace ƙazanta, washegarin ranar hutu. Ya ɗaura tawul a hanci ya wanke, ya yi amai sau ɗaya a bayan tanki, ya koma ya ƙarasa yana waƙar yabo. Aka daina ajiye masa wuri a layin famfo, ya bi layi. Aka bar masa igiyar shanya ta ƙarƙashin barandar da yara suke zubo ruwan wanki, ya sake wanke rigunansa. Har wasu matan suka fara cewa mutumin nan fa ba shi da laifi.

"Inna, mutumin nan kamar roba yake," in ji Allura. "Na ja, na ja, ya ƙi tsinkewa."

"Wasa yake yi. Yaro ne da ya sami taɓo a ƙofar gidansu, ya san akwai mai yi masa wanka." Inna ta shafa gwiwa. "Bar shi. Damina na tafe."

Abin da take nufi ba asiri ba ne a gidan. Ɗakin ƙasa ya fi tsakar gida zurfi. A bayansa akwai magudanar da ruwan duk rufin gidan da na banɗaki suke bi su fita titi, da murfin ƙarfe mai nauyi a kai. Idan ba a ɗaga murfin an zaƙulo ledoji da yashi kafin ruwan farko ba, magudanar takan toshe, ruwan kuma ɗakin ƙasa yake nufa. Murfin ba ya ɗaguwa da hannu. Mijin Inna ya lanƙwasa wani rodi ya yi masa ƙugiya daidai ramin murfin, kuma duk shekara da shi ake buɗewa. Ranar da aka hau da Inna, rodin ya hau tare da ita. Yana ƙarƙashin gado.

Direba ya zo gaishe ta da yamma, ya ji abin da ake shiryawa.

"Haba Inna, shi fa bai sani ba. Mai gida ne ya yi mana wannan."

"Mai gida a gidan nan yake kwana?"

"A'a."

"To wanda ya kwanta a tabarmata, shi kuɗin cizona zai ciza."

"Matarsa na da ciki."

"Ni ma da ciki na kwashe ruwa a ɗakin nan. Kai ne a ciki, shi ya sa har yau kanka bai bushe ba."

Direba ya dubi ƙanwarsa yana neman taimako. Allura ta ci gaba da taka keke.

"Yaya, ba mu taɓa shi ba," in ji ta. "Ba mu zage shi ba. Ya ce a bar shi ya sha abin da muke sha. Shiru kawai muka yi."

Shirun ya zagaya gidan ba tare da an yi taro ba. Wasu sun yi shi don Inna, wadda ta karɓi haihuwar rabin yaran gidan. Wasu sun yi shi don tsoron bakin Allura. Mai walda ya ce shi ba a tambaye shi ba, in an tambaye shi zai faɗa.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, matar Fasto ta hau sama da riguna biyu a hannu. Tana son a buɗe musu ciki. Ta durƙusa ta gaishe da Inna, ba ta san ko wace ce ba, sai dai uwar tela. Inna ta amsa tana kallon taga.

Allura ta zagaya mata tef a ƙugu.

"Ɗaga hannu. Yaya zaman namu?"

"Yaya, in faɗa miki gaskiya? Shi ya ji kira, ni warin kwata na ji." Ta yi dariya. "Na ce masa, shi Almasihun da kake kwaikwayo bai ja matar kowa ba. Ya ce in yi addu'a."

"Kin yi?"

"Ina yi. Ina roƙon gida mai banɗaki a ciki."

Allura ta kusa yin dariya. Ta sa fil biyu a baki.

"Af, na tuna," in ji matar Fasto. "Akwai wani layi a bangonmu, daidai gwiwa, ya zagaye ɗakin duka. Yana fitowa ta ƙarƙashin fenti. Mene ne?"

Allura ta cire fil ɗaya ta soke rigar. Ta cire na biyu.

"Siminti ne bai bushe ba. Juya."

Da matar ta sauka, Allura ta ɗauki rigar.

"Yarinyar ba ta da laifi," in ji Allura.

"Ni wane laifi na yi?" in ji Inna.

Allura ta warware ɗinkin rigar, ta ƙara mata faɗi fiye da yadda aka nema.

Ruwan ya sauko wata ranar aiki bayan azahar. Fasto ya tafi asibiti duba wani mara lafiya. Da farko iska ce, ta kwashe ledojin titi ta zuba a tsakar gida, sannan ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka kwashe shanya suka tsaya a baranda, hawa bisa hawa. Ba a saba tsayawa kallon ruwa a gidan ba. Ranar an tsaya.

Tsakar gida ta cika. Ruwan ya juya launi da na banɗaki ya haɗu da shi. Ya taru a bayan ɗakin ƙasa, ya yi ta juyi a kan murfin, sannan ya zagayo ya sami ƙofa.

Matar Fasto barci take yi. Sanyin da ya taɓa hannunta ne ya tashe ta. Aka ji ta tana kiran mijinta, sannan tana kiran kowa. Ta buɗe ƙofa, ruwan ya ƙara shiga. Wani kwali ya fito yana iyo, ya kife, littattafai suka bazu. Ta koma ciki ɗauko jakar kayan jariri, ta taka wani abu a ƙarƙashin ruwan, ta zauna a bakin gado tana riƙe da ƙafa.

Direba ne ya sauka. Bai dubi taga ba. Ya shiga ya ɗauko ta, ya hau da ita sama, ya ajiye ta a kan gadon ƙanwarsa, domin nan ne ɗakin da ya sani. Kwalba ce ta yanke ta a tafin ƙafa. Allura ta wanke ciwon da ruwan zafi da gishiri, ta ɗaure da ƙyalle mai tsabta. Tana durƙushe, yatsun ƙafarta na taɓa rodin. Ba ta jawo shi ba.

Fasto ya iso a jiƙe. Aka ce masa matarsa na sama. Ya tsaya cikin ruwa har gwiwa, ya bi inda yake juyi, ya lalubo murfin. Ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya durƙusa, ya zura hannu har kafaɗa. Ya ja. Ya sake ja da hannu biyu, fuskarsa dab da ruwan. Murfin bai motsa ba. Ya miƙe ya ɗaga kai, ya ga barandu uku cike da mutanen da yake wa wa'azi.

"Da me ake buɗe wannan?"

Mai walda ya sosa ƙeya ya dubi sama, wajen tagar hawa na uku.

Inna ta leƙo.

"Kai, ɗan nan. Hawo."

Ya hau yana ɗigar da ruwa a matakala. Ya fara zuwa wajen matarsa, ta ce masa ba komai, yanka ne. Sannan ya rusuna gaban Inna.

"Sannunku, Inna."

"Tsaya a kan tsumma, kana wari. Na ji wa'azinka ranar da ka zo. Ka ce ya sauko ya zauna cikin mutane."

"Haka ne."

"Da ya sauko, wa ya kora?"

Fasto ya goge ruwan da ke fuskarsa.

"Ni ban yi makaranta ba, amma na yi shekaru ina jin labarin. Sun zo gari, masauki ya cika. Uwarsa na naƙuda. Ba a ce a fitar da wata tsohuwa a yi fenti ba. Inda dabbobi suke, nan ya kwanta. Kai da ka tashi saukowa, a kaina ka sauka."

"Ɗakinku ne?"

"Ƙusar da kake rataye rigarka, mijina ne ya kafa ta."

"An ce mini babu kowa a ciki."

"Ka ga gidan nan. Mutum shida a ɗaki, wasu a baranda suke kwana. Ɗakin da ke kusa da famfo, shi ne zai zauna babu kowa? Ka wanke banɗaki, ka bi layi, ka yi waƙa. Ba ka taɓa tsayar da mutum ɗaya ka ce, wa ke nan kafin ni ba."

Matar Fasto ta dubi Allura.

"Siminti bai bushe ba," in ji ta a hankali.

Allura ta ɗaure bakin ƙyallen ba ta ɗaga kai ba.

"Kun san ruwan zai shiga," in ji Fasto. "Duk kun sani. Tana ciki tana barci."

"Mun sani," in ji Allura.

Fasto ya nuna matarsa.

"Da ta faɗi a kan cikin fa?"

"Da Inna ta mutu a nan sama ba ta sake taka ƙasa ba fa? Wa zai zo ya yi mata wa'azi, kai?"

Ruwa na ci gaba da dukan kwano. Daga ƙasa wani ya ce ruwan ya fara shiga ɗakin da ke kusa.

"Akwai abin buɗewa," in ji Inna. "Yana ƙarƙashin gadon da matarka take kai. Ka ba ni makulli, in ba ka."

"Inna, ba ni na kama ɗakin ba. Ikilisiya ce. In na ba ku ba da izinin kwamiti ba..."

"To ka je ka kira kwamiti su zo su sha ruwan."

"Ba ta," in ji matarsa.

Ya juya.

"Ba ta makullin. Ni ba zan sake kwana a ciki ba, ko an shafe shi da zinariya. Kai kuma in da gaske kake abin da kake faɗa, ga inda zai ci ka. Banɗaki bai ci maka komai ba."

Ya laluba aljihu. Makullin na haɗe da na ofishinsa na majami'a, kuma yatsunsa sun yi sanyi, ya daɗe kafin ya raba su. Ya ajiye a cinyar Inna. Allura ta jawo rodin ta miƙa masa, ba ta nuna masa yadda ake yi ba. Mai walda ne ya sauka ya kama masa. Da murfin ya ɗagu, Fasto ya zaƙulo abin da ke ciki da hannunsa, kafin magariba ruwan ya janye.

Washegari ƙafar matar ta kumbura, zazzaɓi ya rufe ta. An kwantar da ita a asibiti. Likitoci sun ce cikin lafiya lau, amma ciwon ya ci ruwa, sai an yanke wajen an wanke. Da aka sallame ta, gidan iyayenta ta wuce. Ta aiko ƙanwarta karɓar rigunan, da saƙon cewa kada Allura ta zo dubiya.

Kwamiti ya zauna. Ya ce Fasto ya ba da abin da ba nasa ba, ya kuma kunyata dattijo. An ba shi zaɓi: ya karɓo makullin ya koma gidan harabar majami'a, ko a dakatar da shi daga mumbari har a ga hali. Bai karɓo ba. An dakatar da shi. Mai walda ya share masa wani lungu a bayan shagonsa, inda ake ajiye ƙarafa, ya shimfiɗa katifar da ta bushe rabi da rabi.

Fasto ne ya kankare ɗakin ƙasa. Allura ta tsaya a kansa har ya gama, tana nuna masa inda ya bari. Bai yi waƙa ba. Sau ɗaya ya tsaya ya ce mata yana ƙoƙarin ya yafe mata, amma abin bai zo ba tukuna.

"Kada ka wahalar da kanka," in ji ta. "Ban nema ba. Ga can ƙarƙashin taga."

Inna ta koma ɗakinta da bango bai gama bushewa ba. Danshin ya sa mata tari. Direba ya ce ta jira ko da mako guda, ta ce ta gama jira.

Mai gida ya zo ranar hutu bayan sujada, da rigar da ya je majami'a. Ya tarar da ita zaune a bakin ƙofa tana tsince wake a faranti, Fasto na gefe yana tara mata ruwa a famfo. Mutanen gidan suka fara fitowa baranda.

"Inna, wannan ba daidai ba ne. Ikilisiya na ba haya, ba ke ba."

"Ikilisiya ta ba ɗan nan, ɗan nan ya ba ni. Ka tambaye shi."

"Ɗakin yana hannuna har shekara ta cika, Baba," in ji Fasto. "Haka muka yi da ku. Ita na sa a ciki."

"Kai da aka dakatar?"

"Daga mumbari aka dakatar da ni."

Mai gida ya dubi barandun, ya gyara wuyan riga, ya rage murya.

"Shi ke nan. Shekara dai za ta cika. Ranar da ta cika, ko tsinke kada in gani a ɗakin nan."

Inna ta yi tari, ta tofar a gefe, kusa da takalminsa.

"Shekara tana da tsawo, Dattijo. Na ga yadda kake haki daga ƙofa zuwa nan. Tsakanina da kai akwai wanda ba zai ga ƙarshenta ba, ni kuwa ban ji alamar komai ba." Ta miƙa wa Allura farantin. "Ɗora mana. Ki ƙara hannu ɗaya, ɗan nan bai ci komai ba tun safe."

"Ni ba zan dafa masa ba."

"To ki dafa mini da yawa."